Ina so in je Lourdes hidimar marasa lafiya, amma ni ba nas ba ce

Tambaya: Ni 'yar Katolika ce daga Kafanchan. Shekara uku na yi ina jinyar mahaifiyata bayan ta samu shanyewar ɓarin jiki, har Allah ya yi mata rasuwa bara. Tun lokacin zuciyata ke raya mini in je Lourdes ta ƙasar Faransa in yi wa marasa lafiya hidimar sa kai. Ban yi karatun jinya ba, ba na kuma jin Faransanci. Za a karɓe ni? Wane aiki zan yi? Gaskiya ne mutane suna warkewa a can?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da rashi, Allah ya ba ki haƙuri. Ni nas ce, na kuma yi wannan hidimar, don haka zan gaya miki kai tsaye: macen da ta shekara uku tana juya mara lafiya a gado, tana yi masa wanka, tana ba shi kunu da cokali, ta riga ta san mafi yawan aikin da ake yi a Lourdes. Likitoci da nas-nas suna da nasu ɓangaren, magani da allura nasu ne. Sauran aikin, wanda shi ne mai yawa, hannun talakawa irinki ne ke ɗauke da shi.

Garin, wanda ake furta sunansa "Lurd", yana kudu maso yammacin Faransa, a gindin duwatsun da suka raba ta da Sifaniya. A 1858 wata yarinya 'yar shekara 14, Bernadette Soubirous, ta ce Budurwa Maryamu ta bayyana gare ta har sau 18 a wani kogo a bakin kogi, ta kuma nuna mata wurin da za ta tona, ruwa ya ɓulɓulo. Tun daga nan marasa lafiya suke tururuwa. Da yawansu ya fi ƙarfin masu rakiya, sai aka kafa ƙungiyar 'yan sa kai a 1885, Hospitalité Notre-Dame de Lourdes. Ita ce har yau take karɓar mutum irinki, ta koya masa aiki, ta tura shi inda ake buƙata. Wata hanyar ita ce ki bi ayarin wata dayosis (yankin coci-coci da ke ƙarƙashin bishop ɗaya) da ke tafiya da nata marasa lafiya. Ko wacce kika zaɓa, fara da Fadan cocinki, domin za ki buƙaci wanda zai tsaya miki.

Aikin na jiki ne. Wasu suna tashar jirgin ƙasa da filin jirgin sama suna sauke marasa lafiya. Wasu suna masaukinsu, babban cikinsu Accueil Notre-Dame mai gadaje kusan 900, suna gyaran gado, raba abinci, wanke kwanuka, goge ƙasa. Wasu suna jan ƙananan kekunan nan shuɗɗa masu rumfa zuwa kogo, zuwa Mas, zuwa jerin gwanon ƙarfe 5 na yamma da ake sa wa marasa lafiya albarka, da na kyandir ƙarfe 9 na dare. Wasu kuma suna wurin wanka da ruwan kogon, mata da mata, maza da maza. Ruwan nan sanyinsa kamar na randa a tsakiyar hunturu, mai zuwa wurin kuma sau da yawa yana zuwa ne da tsoro da kuka. Ba kullum ke za ki zaɓi aikin da za a sa ki ba. Idan mako ya ƙare kina wanke kofuna, to hidimarki ke nan, ba ta kuma fi ta kowa ƙanƙanta ba.

Batun harshe kada ya dame ki sosai. Turanci yana cikin harsunan da ake aiki da su a wurin. Amma abin da ya fi taimaka mini shi ne tarbiyyar dubiya ta gida: ki zo, ki gaida mutum, ki zauna, kada ki cika shi da surutu. Ki tsuguna idonki ya zo daidai da na wanda ke kan keke. Ki nemi izininsa kafin ki taɓa shi. Ki yi magana da shi, ba da mai rakiyarsa ba. Na zauna da wata tsohuwa 'yar Italiya kusan awa guda, ba ta jin nawa, ba na jin nata, hannuna kawai ta riƙe tana jan carbinta. Kada kuma ki ɗauki hoton mara lafiya don ki sa a Facebook. Wannan abu yana ƙona mini rai.

Yanzu tambayarki ta uku, wadda ta fi nauyi. Tun 1883 akwai ofishin likitoci a Lourdes da ke bincikar duk wanda ya ce ya warke. An kai musu labarai sama da 7,000, amma waɗanda Coci ta amince mu'ujiza ce sun ɗan haura 70 ne kawai, bayan bincike na shekaru. Ma'ana, kusan duk wanda za ki tura kekensa zai koma gida da ciwonsa. Paparoma John Paul na Biyu, wanda ya ware 11 ga Fabrairu ranar marasa lafiya ta duniya, ya je Lourdes a 2004 jikinsa na rawa, ya kuma koma da cutarsa. Saboda haka kada bakinki ya furta wa kowa "za ka warke", kada ki ce rashin bangaskiya ne ya hana shi tashi, kada ki bari wani ya ajiye maganinsa saboda ya sha ruwan kogo. Abin da na gani da idona shi ne mutumin da a garinsu ake ɓoye shi a ɗaki, a nan shi ake sa wa a sahun gaba, dubban mutane suna matsawa su ba shi hanya.

Ki kuma shirya wa zuciyarki. Rashinki sabo ne. Wata rana za ki ɗaga wata tsohuwa, nauyinta ya zama daidai da na Mama, ki ji ƙafafunki sun saki. Ki gaya wa shugabar rukuninki tun farko abin da kike ɗauke da shi.

Kuɗi kuwa daga aljihunki ne: jirgi, biza, masauki, abinci. Bizar Shengen, wadda da ita ake shiga Faransa, tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, a kan kuma hana mutum ko da takardunsa sun cika, don haka kada ki sayar da gona ko ki ci bashi kafin ta fito. Ki guji duk dillalin da ya ce zai samar miki albashi a can. Lokacin hidima daga Afrilu ne zuwa Oktoba. Ki tafi da takalmi mara tsini wanda ƙafarki ta saba da shi, da rigar ruwa, domin garin akwai ruwan sama, tsayuwa kuma daga safe ce har dare.