Na sayar da tsohon inji kuɗi hannu, ban sa a takardar haraji ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar maɗaba'a. Bara na sayi sabon injin buga takardu, na sayar da tsohon haɗe da janareta. Mai sayen ya ƙirgo mini kuɗi hannu, ba rasit, ni kuma ban sa a takardar harajin shekara ba. Ƙanina ya ce tsohon kaya ba a biya masa haraji. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da tsohon firjin gidanka ne ka sayar, da maganar ƙaninka ta yi kusa da gaskiya. Injin sana'a daban ne, saboda kowace shekara ana rage maka haraji a kan raguwar darajarsa. A ce 100 ka saye shi, an riga an cire maka 70, a littafin lissafin sana'arka darajarsa saura 30. In ka sayar 50, wannan 20 ta sama hukuma na ɗaukar ta sassauci ne da aka yi maka fiye da kima, sai a mayar da ita cikin ribar shekarar. In kuma ƙasa da 30 ka sayar, ƙasashe da dama za su ƙara rage maka. Ka ga mai yiwuwa kanka ka cuta da shirun nan.

Abin da ya fi damuna shi ne injin yana nan a littafinka har yau. In bana ma aka cire masa raguwar daraja alhali ya bar hannunka, laifi ya zama biyu. Mai sayen kuwa ba zai rufa maka asiri ba, shi ma yana son nasa sassaucin, dole ya rubuta wurin wanda ya saya. Kuɗin ma in sun shiga banki, mai bincike zai tambayi daga ina.

Kada ka dogara da wucewar lokaci. A Amurka, misali, shekara 3 hukumar haraji ke da ita ta sake duba takarda, amma in ɓoyewa da gangan ce, babu wa'adi.

Ka nemi mai sayen makon nan ku rubuta takardar ciniki da kwanan wata na gaskiya da lambar injin, ku sa hannu. Ka kai wa akantanka ya gyara takardar bara, ya duba ko akwai harajin VAT (wanda ake ɗorawa kan kuɗin kayan da aka sayar) a cinikin. Wanda ya kai kansa kafin a zo masa, yawanci tararsa ta fi sauƙi.