Na ƙara wa motata ƙarfi, injin ya lalace, dillali ya ce garantina ya mutu

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York. Na sayi Volkswagen GTI ƙirar 2007 a wurin wani dillalin motocin hannu a kan dala 6,500, lokacin ta yi tafiyar mil 94,000, kuma a ranar na biya kuɗin wata yarjejeniyar gyara ta shekara ɗaya da suka tallata mini. Bayan kwana goma na kai ta gareji aka sauya manhajar ƙwaƙwalwarta domin ta ƙara ƙarfi. A rana ta 24, ban ko cika mil 700 da ita ba, fitilar injin ta kunna, motar ta riƙa yanke ƙarfi idan na taka. Nan take na tura wa wanda ya sayar mini saƙon waya, ya ce in kawo ta mako mai zuwa. Da aka buɗe sai aka tarar falowar famfon mai ta huje har ta ci kamshaf, wato sandar da ke juyawa tana buɗe bawul-bawul na injin, gyara dala 3,200. Dillalin ya ce garantina ya mutu tun ranar da na taɓa ƙwaƙwalwar, kuma kwana talatin sun wuce. Kamfanin yarjejeniyar ma ya ƙi biya. Wani abokina ya ce in mayar da manhajar asali in ce ban taɓa komai ba. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri. Abin da dillalin ya faɗa maka ba haka doka take ba, kuma duk shari'arka ta rataya ne a kan tambaya guda: mene ne ya huda falowar, manhajar da ka sa ko kuwa cin da ƙarfen ya daɗe yana yi tun kafin motar ta zo hannunka?

Sai mun fahimci ƙarfen kafin mu shiga doka. A wannan injin, wanda masana ke kira EA113, famfon da ke tura fetur da matsi mai ƙarfi yana samun bugu ne daga wani tudu mai kusurwa uku a ƙarshen kamshaf, kuma tsakanin tudun da sandar famfon akwai ɗan ƙaramin kofin ƙarfe wanda bai fi murfin kwalba da yawa ba, shi ne falowar. Fuskarta tana da baƙin shafi mai tauri. A hankali shafin yake gogewa, farin ƙarfe ya bayyana, tsakiyar ta yi kwari kamar tsohon turmi, daga ƙarshe ta huje, sandar famfon ta koma gugar kamshaf kai tsaye, ɓurɓushin ƙarfe ya bi baƙin mai ya zaga injin. Wannan aiki ne na dubban mil, kuma matsala ce sananniya a motocin da ba a taɓa sauya musu komai ba, har ta kai Volkswagen ya tsawaita garantin kamshaf da falowa da famfon a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 120,000. Wa'adin shekara goman ya riga ya ƙare a kan motar 2007, saboda haka ba ka da abin nema a wurin kamfanin da ya ƙera ta, amma tsawaitawar da kanta hujja ce a hannunka cewa lalurar ta girmi manhajarka.

Babban makaminka shi ne dokar jihar New York ta motocin hannu masu lahani, sashe na 198-b na dokar harkokin kasuwanci. Ta wajabta wa dillali ya ba da rubutaccen garanti a kan motar da aka saya dala 1,500 ko fiye, matuƙar ba ta wuce mil 100,000 ba kuma don amfanin kai da iyali aka saye ta. Motar da ke tsakanin mil 80,000 da 100,000, kamar taka, garantinta kwana 30 ne ko mil 1,000, duk wanda ya riga cika, kuma ya ƙunshi sassan injin da baƙin mai ke ratsawa da kuma famfon mai. Abin da dillalin ya ɓoye maka shi ne, ranar da ka sanar da shi ake dubawa. Tunda ka tura saƙo a rana ta 24, shi kuma ya ce ka jira mako mai zuwa, wucewar kwana talatin daga baya ba ta sauke masa nauyin gyara ba. Wannan saƙon ya fi duk takardun da ke hannunka daraja. Ka ɗauki hotonsa yadda kwanan wata da lambar da ka tura wa za su fito sarai, ka buga shi a takarda, ka adana kwafi a wani wuri ban da wayar.

Gaskiya ne dokar ta ba dillali damar kare kansa da cewa lalacewar ta samo asali daga wulaƙanta motar, ko sakaci, ko sauye-sauyen da suka wuce hankali, sai dai shi ne zai tabbatar da hakan, kuma dole ya nuna sauyin ne ya haddasa wannan lalacewar takamaimai. Dokar tarayya ta Magnuson-Moss ta 1975 ma nan ta dosa, domin matsayin Hukumar Kasuwanci ta Tarayya shi ne mai ba da garanti ba zai soke shi ɗungurungum ba don kawai an sa wa mota kayan da ba na kamfani ba, sai ya nuna kayan ne suka jawo ɓarnar. Ba zan ɓoye maka raunin da ke ɓangarenka ba: manhajar ƙarin ƙarfi tana sa injin ya nemi fetur fiye da ƙa'ida, kuma makanikin dillalin zai ce hakan ya ƙara wa falowar nauyi. Da a ce ka sa famfo mai babbar sanda ka yi shekara kana tsere da motar, da na ce maka ka haƙura ka biya. Amma kwana goma sha huɗu da 'yan ɗaruruwan mil a kan ƙarfen da ya riga ya sha tafiya mai tsawo, hujja ce da za ta yi masa wuyar tsayawa idan ƙwararre ya duba kayan.

Saboda haka kada ka bari a jefar da komai. Ka rubuta wa garejin da motar take yanzu, kafin su taɓa aiki, cewa kana son tsofaffin kayan, wato falowar da kamshaf da famfon da filtar baƙin mai, domin dokar jihar ta ba ka wannan haƙƙi idan ka nema a rubuce tun kafin gyara, ban da kayan da za a mayar wa mai garanti, waɗanda su kuma sai ka ɗauki hotunansu daki-daki. Ka nemi makaniki mai zaman kansa wanda ya san wannan injin ya rubuta rahoto a kan zurfin cin da ke fuskar falowar da yanayin tudun kamshaf, ya faɗi ko irin wannan ci zai iya faruwa a cikin mil 700. Ka kuma kai lambar shasin motar wurin dillalin Volkswagen ka tambayi tarihin gyaranta, domin idan ba a taɓa sauya falowar ba tun daga masana'anta, rabin aikinka ya ƙare.

Shawarar abokinka kuwa, ina roƙonka kada ka ɗauka. Ƙwaƙwalwar motar tana barin alamar an sake rubuta ta, garejin da ya yi maka aikin yana da rasit, dillalin kuma ya riga ya gani. Idan ka musanta a takardar neman biya ko a gaban mai shari'a, ka mayar da ƙara mai ƙarfi ta zama zargin zamba a kanka, kuma duk abin da ka faɗa bayan nan ba za a yarda da shi ba. Rasit ɗin manhajar ma amfaninka yake yi, domin shi ne ke tabbatar da ƙanƙantar lokacin da ta yi a motar.

Yarjejeniyar gyaran da ka saya ita ce ƙofar da na fi ganin a rufe. Kwantiragi ce dabam da garanti, kuma galibinsu suna ɗauke da sharaɗin cire motar da aka sauya wa injin ko manhaja. Ka nemi dalilin ƙin biyan a rubuce tare da lambar sashen da suka dogara da shi, ka kuma karanta sashen sokewa ko za ka karɓo ragowar kuɗinka. Sannan ka duba wane ne ya ɗauki alkawarin gyara a cikinta, domin idan dillalin ne da kansa, dokar tarayya ta hana wanda ya ƙulla irin wannan yarjejeniya da mai saye a cikin kwana 90 da ciniki ya zame daga lamunin cewa kayan da ya sayar suna da ingancin amfani.

Matakin farko shi ne wasiƙa zuwa ga mai kamfanin da ya sayar maka da motar ta gidan waya, irin wadda ake sa hannu idan an karɓa, ɗauke da kwanakin da ka lissafa mini da kwafin saƙon da rahoton makanikin, kana neman gyara kyauta a cikin wa'adin da ka sa, misali kwana goma. Ka ambaci sashe na 417 na dokar ababen hawa ta jihar, wanda ya tilasta wa dillali tabbatar da cewa motar da ya miƙa tana cikin yanayin yin aiki yadda ya kamata a kan titi, kuma ba a yafe wannan sharaɗi ko da mai saye ya sa hannu. Idan ya yi shiru, kana iya kai ƙorafi hukumar rajistar motoci ta jihar da kuma hukumar kare masu saye ta birnin, wadda ke ba dillalan motocin hannu lasisi. Idan kuɗin gyara kake nema, kotun ƙananan ƙararraki ta birnin New York tana sauraron ƙarar da ba ta wuce dala 10,000 ba, kuma kana iya tsayawa da kanka ba tare da lauya ba. Idan kuwa so kake ka mayar da motar a dawo maka da kuɗinka, ofishin Babban Lauyan jihar yana da tsarin sasanci na wannan doka. Dokar tana ba ka shekara huɗu daga ranar da aka miƙa maka motar, amma wasiƙar ta fita a wannan makon, tun kayan suna kan teburin makaniki.