Za a rufe mana laburaren unguwa, ina mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a wani gari a Ingila. Ƙaramar hukumarmu ta ce kuɗi sun yi mata ƙaranci, za ta rufe laburaren unguwarmu, inda yara ke aikin makaranta, manya kuma ke cike takardun neman aiki a kwamfuta. Ko akwai yadda za mu hana? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai, amma sai kun tashi da wuri.

Dokar ɗakunan karatu ta 1964 ta wajabta wa hukumomin nan samar wa jama'a ingantaccen aikin laburare da zai wadatar. Sai dai ba ta faɗi yawan rassan da za a buɗe ba, shi ya sa "ba ma so a rufe" kaɗai ba ya cin ƙara. Inda ake kama su shi ne hanyar da suka bi. A 2011 babbar kotu ta soke shirin rufe laburare na hukumomin Somerset da Gloucestershire saboda ba su duba yadda rufewar za ta shafi tsofaffi da masu buƙata ta musamman ba, kamar yadda dokokin daidaito suka tanada. A 2018 ma ta soke na Northamptonshire, da ya shafi laburare 21, duk da cewa asusun hukumar ya riga ya ƙafe.

Don haka ku fara da takardu. Ku rubuta ku nemi bayani a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai: nawa reshen ke ci a shekara, mutum nawa ke shiga, awa nawa ake amfani da kwamfutoci. Wajibi ne su amsa cikin kwanakin aiki 20. Hukuma takan kafa hujja da raguwar aron littafi, ta manta da mai zuwa buga takarda ko karanta jarida. Ku kuma auna tafiyar zuwa reshe mafi kusa a bas, ba a motar gida ba, da kuɗin tikitin uwa da yara biyu. Duk wannan ku saka a amsarku lokacin jin ra'ayin jama'a, kowa ya rubuta tasa, domin takardar koke mai sa hannu dubu ana iya ƙirga ta a matsayin amsa ɗaya. Kansiloli kan amince da kasafi a Fabrairu ko farkon Maris; ku same su tun kafin nan. In ta kai ga kotu, wa'adin shigar da ƙara bai wuce wata uku ba.

TAMBAYA: An ce mu karɓa mu riƙa gudanar da shi da kanmu. Mu yarda?

AMSA: Sai in babu wata hanya, kuma ku karanta yarjejeniyar hayar ginin da idon basira. Hayar fam ɗaya a shekara tana da daɗin ji, amma in an rubuta cewa gyaran gini na wuyanku, ranar da rufi ya fara yoyo ko tukunyar ɗumama ɗaki ta mutu, asusunku ya ƙare. Ku tsaya kan cewa hukuma ta ci gaba da kawo sababbin littattafai, ta bar ku a manhajar aronta, ta kuma riƙa turo ƙwararren ma'aikaci ko sau ɗaya a mako. Ku yi rajistar ƙungiyar agaji, za a rage muku kashi 80 cikin 100 na harajin ginin. Masu aikin sa-kai kuwa, ku nemi ninkin waɗanda jadawali ke buƙata, don a shekara ta biyu ake fara janye jiki.