Me ya sa daji ke rage ƙyallin dusar ƙanƙara?

Tambaya: Malam, na ji masu hasashen yanayi suna cewa bishiyoyi na rikita musu lissafi a ƙasashen ƙanƙara. Yaya abin yake?

Amsa: Sabuwar dusar ƙanƙara a buɗaɗɗen fili tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na hasken rana sama. Amma a dazuzzukan arewacin Kanada da Rasha, inda bishiyoyi ba sa zubar da ganye, abin da ke komawa kashi 20 zuwa 30 ne kawai. Rassa masu duhu sun yi wa ƙanƙarar rumfa, hasken da ya ratsa ƙasa kuma yakan maƙale tsakanin kututture, ya zama zafi.

Gajeriyar ciyawa ba matsala ba ce, ƙanƙara na binne ta. Wahalar tana ga bishiya. Dole manhajar kwamfutar da ke hasashen yanayi ta san yawan ganye, da tsawon tsiro idan aka gwada da zurfin ƙanƙara, da kuma ƙanƙarar da ta rataye a rassa, don ita iska kan kakkaɓe ta cikin 'yan kwanaki. Wannan na ƙarshen, a ganina, shi aka fi yi wa sakaci.

Kuskuren kuwa yana da tsada. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, ta daɗe tana lissafa dajin kamar farin fili, sai hasashenta na ƙarshen hunturu ya riƙa nuna sanyin da ya wuce gaskiya. Awon da aka yi a dajin Kanada ne ya bankaɗo matsalar, aka gyara a 1996.