Shuka mai hawa katanga a Damagaram: wacce za a saya?

Tambaya: A Garin Malam nake, ruwa sai mun saya wurin ƴan garuwa. Ina son shuka mai hawa katanga da ba ta kaɗe ganye da rani. Mai sayar da dashe ya nuna mini bugenbiliya da yasmin. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Hajiya, ɗauki bugenbiliya. Yasmin akwai ƙamshi, amma ba ta jure ƙishirwa, kuma zafin Afrilu da Mayu a nan yana wuce digiri 40. Ita bugenbiliya, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, rana take so, aƙalla awa 6 a yini.

Ki bari damina ta zauna, wajen watan Yuli, sannan ki dasa. A haƙa rami santimita 50 faɗi da zurfi. In katangar ta ƙasa ce, a ba ta tazarar mita 1, kada laima ta ci gindin gini. In an tarar da dutse, abin da ba baƙo ba ne a garin nan, a dasa cikin rabin ganga da aka huda gindinta. A gauraya ƙasa kashi 2 da ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ɗanyen taki gara yake jawowa.

Wurin fitar da dashen ake yawan asara. Saiwarta siririya ce kamar gashi, don haka a tsaga ledar da reza, a saka dunƙulen ƙasar yadda yake. Da ya warwatse, sai ki ga ganye ya yi yaushi kashegari.

In ba a yi ruwan sama ba, lita 10 duk kwana 2 har wata 3, daga nan sau 2 a mako. Ba ta kama bango da kanta, sai an ja waya an ɗaure rassan sako-sako. Tana da ƙaya, a kauce wa inda yara ke wasa, kuma a killace ta saboda awaki.

Tambaya: Tawa bugenbiliyar ta shekara 2, ganye shar, fure ko ɗaya babu.

Amsa: Malam, gata ne ya yi mata yawa. Ruwan kullum da takin yuriya ganye suke ƙarawa. Ka janye takin, ka bar ƙasa ta bushe kafin ka sake ba ta ruwa, ka datse kan rassan bayan damina, don a sabon toho take fure. In hunturu ya zubar mata da wasu ganye, kankare reshe da farce. In cikin kore ne, da ranta.