Gurɓataccen ruwa da kitsen kifi: amsoshin tambayoyin masu kiwo

Tambayoyin wannan karon yawancinsu daga Kano suka fito, daga mutanen da ke amfani da ruwan kogin Challawa da na Jakara.

Tambaya: Ina kiwon karfasa a tafkin ƙasa a wajen Tamburawa, da injin ban ruwa nake jawo ruwa daga kogi. Ruwan ya yi kore shar, har da yana a samansa kamar an zuba fenti. An ce mini koren ruwa abinci ne. To me ya sa masu saye ke cewa kifina yana warin taɓo?

Amsa: Malam, wanda ya gaya maka koren ruwa abinci ne bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa maka zancen ba. Kore iri-iri ne.

Bari mu fara daga tushe. Man da likitoci ke yabo a jikin kifi, wanda ake kira omega-3, musamman nau'o'insa biyu EPA da DHA, akasarinsa ba kifin ne ke ƙirƙirarsa ba. Ƙananan gansakuka ne da ido ba ya ganin ƙwayarsu, irin su dayatom, suke yin sa. Ƙumar ruwa da sauran ƙananan ƙwari su ci gansakukar, 'ya'yan kifi su ci ƙwarin, manyan kifi su ci ƙanana, haka man ke hawa har ya iso kwanonka. Duk mai sayen man shanu ya san na damina ya fi na rani launi, domin abin da saniya ta ci shi ke fita a nononta. Kifi ma haka yake.

To idan kashin mutane da na dabbobi, da ruwan wanki, da ragowar takin zamani suka kwararo kogi, sinadaran fosforas da naitirojin sai su yi yawa. Ga kuma zafin rani, ga ruwa a tsaye. Wanda ke cin kasuwa a irin wannan hali shi ne wani kore mai shuɗi-shuɗi da masana ke kira sayanobakteriya. Shi ne yanar nan mai kama da fenti da ka gani. Ba shi da EPA, ba shi da DHA, kuma ƙumar ruwa ba ta yin kyau a kansa. Ya rufe saman ruwa, ya tare wa gansakuka mai amfani hasken rana. Karfasa tana iya cin sa, domin cikinta yana da tsami sosai, kuma jikinta yana iya sarrafa ɗan DHA da kansa, amma ba ya kai na wadda ta samu abinci mai kyau. Warin taɓon kuwa daga wani sinadari ne mai suna jiyosmin da wasu nau'o'in wannan kore ke fitarwa, kuma a kitsen kifi yake maƙalewa. Abin da ya fi wari muni shi ne wasunsu na fitar da guba mai taɓa hanta, wadda tafasa ba ta kashe ta. Kada ka bar awaki ko yara su sha daga gefen da yanar ta taru.

Ga abin yi. Ka tsoma hannunka a ruwan da hantsi. Idan tafinka ya ɓace maka kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, koren ya wuce kima: dakatar da zuba kashin kaji da taki, ka rage abinci. Ka fito da asuba ka duba. Idan kifaye sun taso sama suna haki, iska ta ƙare musu cikin dare, sai ka sauya wani kaso na ruwan nan take. Ka kwashe yanar daga gefen da iska ta tara ta, ka zubar nesa da tafki. Kafin ka kai kasuwa, ka ajiye kifin a ruwan rijiya ko na burtsatse na 'yan kwanaki ba tare da abinci ba, kana sauya ruwan, har ka soya guda ka ji warin ya tafi. Kuma gaskiyar da ba za ka so ji ba: muddin ruwan da kake jawowa ya riga ya ƙoshi da ƙazanta tun daga sama, ba ka da buƙatar ƙara masa taki ko kaɗan.

Tambaya: Ina kiwon tarwada a kwami a cikin gida, da ruwan burtsatse. 'Yata tana da juna biyu, an ce ta riƙa cin kifi. Wanne ya fi, nawa ko na kogi da ake kawowa daga madatsar Wasai? Na ga nasu ya fi kitse.

Amsa: Hajiya, Allah Ya sauke ta lafiya. Shawarar da aka ba ta daidai ce, domin DHA na shiga ginin ƙwaƙwalwa da idon jariri. Masanan hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) da hukumar lafiya ta duniya (WHO) sun ba da shawarar mai ciki ta samu miligiram 300 na EPA da DHA a rana, aƙalla 200 daga ciki DHA.

Amma yawan kitse ba shi ne kyawun kitse ba. Ruwan Wasai daga Jakara yake zuwa, bayan ya ratsa cikin birni ya kwashi kwatoci, sannan rafin Getsi ya haɗo masa da ruwan masana'antun Bompai. Tsofaffin magungunan ƙwari irin su DDT da lindan, wanda aka sani da Gammalin har wasu ke kashe kifi da shi, ba sa narkewa sosai a ruwa, a kitse suke taruwa, kuma suna ƙaruwa a kowane mataki: ƙaramin kifi kaɗan, babban da ya cinye shi fiye da haka. Shi ya sa aka sa lindan cikin jerin haramtattu na yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, a 2009. Ƙarafa masu guba kuma sun fi zama a hanta da kayan ciki. Don haka ga mai ciki na fi natsuwa da kifin kwaminki. Idan ya zama dole a ci na can, a zaɓi ƙanana, a guji manyan masu farauta irin giwan ruwa, a zubar da kayan ciki da kitsen tumbi, kada a yi romo da su.

Sai dai naki ma yana da tasa matsalar. Tarwadar da aka ciyar da masara da dusa da hanjin kaji za ta yi tumbi, amma kitsenta na omega-6 ne, irin wanda dama ya cika mana jiki daga man gyaɗa da na waken suya. Ki tabbata abincin da kike saye yana da garin kifi ko man kifi a cikinsa, musamman a makonnin ƙarshe kafin kamu. Ki ajiye buhu a inuwa, kan katako. Omega-3 yana saurin lalacewa da zafi. Buhun da ya fara warin tsohon mai, amfaninsa ya tafi.

Tambaya: Ina ƙyanƙyasar tarwada a yankin Kumbotso. Tun da burtsatse ta lalace na koma ruwan kogi, 'ya'yan suna mutuwa a mako na biyu.

Amsa: Alhaji, gyaran burtsatse ya fi maka araha a kan wannan asarar. Kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa suna aiki da kromiyam da gishiri da sinadarin cire gashi, kuma idan ruwan bai samu tacewa ba, a kogin nan yake ƙarewa. Jinjirin kifi ba shi da juriyar babba. Ƙarafa irin kromiyam suna ƙona lallausan mai da ke jikin ƙwayoyin halittarsa, alhali a lokacin ne ido da ƙwaƙwalwarsa suka fi buƙatar DHA. Ka daina sa ruwan kogi a ɗakin ƙyanƙyasa gaba ɗaya, musamman bayan ruwan farko na damina, lokacin da duk dattin rani ke gangarowa lokaci guda. Barin ruwa ya kwanta a tanki yana rage laka, amma ba ya cire abin da ya narke. Ka duba iyayen ma, domin uwar da ba ta samu man kifi a abincinta ba ƙwanta ba ya yin ƙarfi. Ƙumar ruwan da kake ba su kuwa ka raine ta a ruwa mai tsabta, kada ka kwaso daga kududdufin kwata. Ka ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ka kai ɗakin gwaji na jami'a mafi kusa. Idan an ga guba, ku haɗu a ƙungiyance ku kai takardar sakamakon ga hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli ta ƙasa da ma'aikatar muhalli ta jiha. Ƙorafin ƙungiya mai takarda a hannu ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Tambaya: Ni shinkafa nake nomawa a Kura, ba na kiwon kifi. Me ya haɗa ni da wannan zance?

Amsa: Ruwan da ya fita daga gonarka, Malam, a kogi yake ƙarewa, ya gangara Wudil, ya nufi Haɗejia da dausayin Nguru, inda dubban masunta ke cin abinci. Takin da ya bi shi kuɗinka ne ya tafi ciyar da wancan kore. Ka raba yuriya kashi biyu ko uku maimakon zubawa lokaci guda, ka rage ruwan fangali kafin ka sa, ka toshe mafita na 'yan kwanaki bayan haka, kuma kada ka sa taki idan hadari ya haɗo. Ka bar ciyawa ta tsaya a bakin magudana, tana tare laka da fosforas. Injin feshi kuma a wanke shi a cikin gona, nesa da ruwa, robar magani a huda ta don kada wani ya mayar da ita ta ɗiban ruwa.