Neman Izini Kafin Share Filin Gini

Kana tambaya ko sai ka nemi izini kafin ka share filinka mai gangare ka fara gini? Eh, galibi sai ka nema, musamman in filin babba ne ko yana kusa da magudanar ruwa ko rafi. Je ofishin tsara gari na yankinku ka tambaya, don kowane wuri da dokarsa.

Abin da suke dubawa shi ne kada ruwan sama ya kwashe ƙasar da ka tona ya zuba wa maƙwabta ko ya cike kwalbati. Ni na tara ƙasar fandishe a bakin hanya ban rufe ba, ruwan dare ɗaya ya wanke rabinta cikin lambatu, sai da na sa aka yashe. Ka rufe tarin da tamfol, kuma kada ka share ciyawar wurin da ba ka kai ga ginawa ba.